Kariyar da ake ba shi a gidan yari za ta iya rage masa ɗauri?

Zuwa ga Barista, mai amsa tambayoyin masu sauraro a kan shari'a.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalanka da dukkan ma'aikatan gidan rediyonku, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, inda aiki ya kawo maigidana shekara 12 da suka wuce, ni kuma na biyo shi da yara bayan shekara guda. Asalina 'yar Zariya ce. Ina sauraron shirinka ta intanet, kuma da yake muna gabanku da awa 9 a wannan lokaci na hunturun Ostireliya, yawanci sai dare ya raba, kowa ya kwanta, nake zama a kicin ni kaɗai in kunna wayata a hankali in saurare ka. Ina roƙonka idan za ka karanta wasiƙar nan a iska ka cire duk abin da kake ganin zai sa a gane mu. Dokar wannan jiha ta New South Wales ta hana a bayyana sunan yaron da aka yi wa irin wannan ta'asa ko wani abu da zai nuna ko wane ne, kuma ko da babu dokar, yarinyar 'yar farina ce, ka san ba a bakina za a ji sunanta ba.

Wani mutum ne da muka ɗauka tamkar ɗan'uwa ya ci amanarmu. Ba ƙasarmu ɗaya ba, amma masallacinmu ɗaya, da mu ake cin tuwon sallah a gidansa, kuma shi ne yake kwasar yaran gidaje huɗu a motarsa ya kai su karatun ƙarshen mako ya dawo da su. Yarinyar tana da shekara 11 a lokacin. Ba zan faɗi abin da ya yi mata ba, an riga an faɗe shi a gaban alƙali, kuma ya isa. Malamarta ta makarantar boko ta fara gaya wa, a nan kuwa doka ta wajabta wa malamai su kai rahoton irin wannan, don haka kafin maganar ta iso kunnena ta riga ta isa hannun hukuma. Ya musanta. Aka yi shari'a a Kotun Gunduma, aka ɗauki shaidar yarinyar a bidiyo don kada ta tsaya ido da ido da shi, amma duk da haka lauyansa ya shafe kusan wuni guda yana jujjuya mata tambayoyi. Mutum 12 da aka zaɓo daga cikin jama'a don su tantance gaskiya suka same shi da laifi, alƙali ya yanke masa ɗaurin shekara 9, ya ce sai ya yi 6 cur kafin a duba yiwuwar yi masa sakin talala.

Wannan lissafi yana da muhimmanci ga tambayata. Ƙa'idar jihar nan ita ce mai laifi ya yi kashi uku cikin huɗu na wa'adinsa a tsare kafin a yi maganar sakin talala, sai dai in alƙali ya ga wani dalili na musamman. Kashi uku cikin huɗu na shekara 9 shi ne shekara 6 da wata 9. Alƙalin ya ce wannan ne karo na farko da mutumin zai shiga gidan yari, kuma zai buƙaci a daɗe ana sa masa ido bayan ya fito, saboda haka ya zaftare masa wata 9. Mun ji ciwon hakan, amma muka ce Alhamdulillahi, muka koma gida da niyyar mu rufe wannan babi.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ya shigar da sanarwar niyyar ɗaukaka ƙara cikin kwana 28 da doka ta ba shi, sai aka yi watanni shiru har na fara zaton ya haƙura. Makonni uku da suka wuce ina tsaye ina wanke shinkafa jami'ar da ke kula da shaidu a ofishin masu gabatar da ƙara ta kira ni, ta fara tambayata ko ina da wurin zama a kusa. Ta ce bai ƙalubalanci samunsa da laifi ba, tsawon ɗaurin yake ƙalubalanta, kuma alƙalai 3 ne za su saurari maganar a Kotun Ɗaukaka Ƙarar Manyan Laifuka. Daga cikin hujjojin lauyansa akwai cewa tun ranar da ya shiga gidan yari aka keɓe shi a sashen kariya saboda sauran fursunoni suna farautar masu irin laifinsa, cewa zaman wannan sashe ya fi zaman sauran fursunoni tsanani, kuma alƙalin farko bai ba wannan tsanani nauyin da ya kamata ba. Na ce mata ta maimaita, don na ɗauka Turancin ne ya kuɓuce mini. Ta maimaita. Na zauna a ƙasan kicin, famfo yana ta zuba ban iya tashi na kashe shi ba.

Rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa na nemi lauyan gwamnati ya ba ni lokaci, shi kuma, Allah ya saka masa, ya zauna da ni da maigidana ya warware mana yadda abin yake, daga baya na je laburaren unguwarmu na karanta abin da zan iya ganewa na hukunce-hukuncen da ya ambata. Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ka gyara mini.

A da, kotunan nan suna ɗauka ba tare da neman hujja ba cewa zaman sashen kariya ya fi wahala. A 1999, a wata shari'a da ta kai Kotun Ƙolin ƙasar, wadda ake kira AB, ta wani malamin makaranta da ya ci amanar yara, Mai Shari'a Kirby ya bayyana cewa sanannen abu ne a Ingila da Ostireliya cewa kowace shekara a sashen kariya daidai take da lokacin da ya fi ta tsawo sosai a zaman gidan yari na yau da kullum. Dalilin shi ne a wancan zamani wanda aka keɓe yakan wuni a kulle a ɗaki, ba ya samun aiki ko karatu, fitarsa shan iska kaɗan ce, ga tsoro dare da rana. Daga baya hukumar gidajen yari ta sauya tsari, aka ware manyan sassa, har da gidajen yari sukutum, inda masu neman kariya ke zaune da junansu, suna aiki, suna karatu, ana kai musu ziyara. Ganin haka, a 2003 da 2004, a shari'o'in Totten da Durocher-Yvon da Way da Mostyn, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jihar ta ce an daina wannan zato. Duk wanda ya ce zamansa ya fi tsanani, shi ne zai kawo hujjar ainihin halin da yake ciki: awa nawa yake yi a kulle, me aka hana shi wanda aka bai wa saura, kuma har yaushe ake sa ran zai zauna a haka. A 2009, a shari'ar Clinton, kotun ta ƙara da cewa babu wani lissafi na ƙidaya da za a ce wata kaza a sashen kariya ya zama wata kaza a waje. Na kuma gane cewa kariyar ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda suke taƙaita sunanta da SMAP, inda mutum ke cuɗanya da 'yan sashensa, akwai kuma wadda ake raba mutum da kowa da kowa, wadda ita ce ta yi kama da kaɗaicin da aka sani a da.

Lauyan gwamnati ya ce a ranar yanke hukunci lauyan mutumin ya ambaci batun kariya da fatar baki kawai, bai gabatar da takarda ko ɗaya daga gidan yari ba, kuma ita kotun sama aikinta shi ne ta duba ko alƙalin farko ya yi kuskure bisa abin da aka ajiye a gabansa, ba kasafai take karɓar abin da ya faru bayan hukunci a matsayin dalilin rushe shi ba. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Sai dai bai ɓoye mana ɗaya gefen ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Kentwell a 2014, idan kotun sama ta gano kuskure na shari'a a yadda aka yanke ɗaurin, ko da a kan wata hujja ce daban, wajibi ne ta sake auna hukuncin da kanta tun daga tushe, kuma a wannan mataki tana karɓar takardun rantsuwa a kan halin da fursunan yake ciki yanzu. Ke nan ƙofar da aka rufe ta gaba tana iya buɗuwa ta baya. Hujjoji uku lauyansa ya jera, kuma in ɗaya ta tsaya, batun kariyar zai shigo da cikakkun takardunsa.

Ranka ya daɗe, a nan ne zuciyata ta kasa natsuwa, kuma ina so ka dubi tunanina da idon masani ka gaya mini inda na kauce. Majalisar jihar nan ta riga ta rufe wasu ƙofofin sassauci ga masu cin zarafin yara. Doka ta ce idan kyakkyawan sunan mutum ne ya taimaka masa ya kai ga yaron, ba za a lissafa wannan suna a matsayin dalilin rangwame ba, kuma haka aka yi a shari'armu, don da sunan mutumin kirki ya samu makullin gidajenmu. Doka ta kuma ce shigar da sunansa rajistar masu laifi a kan yara, da takurawar da za ta biyo bayan haka, ba dalilin rangwame ba ne. A 2018, bayan babban kwamitin binciken da ya yi aiki daga 2013 zuwa 2017 a kan yadda makarantu da majami'u da gidajen marayu suka riƙa rufe cin zarafin yara, an gyara doka aka ce ko tsohon laifi ne za a hukunta shi da ma'aunin yau, tare da la'akari da abin da aka sani yanzu game da raunin da yake bari a ran yaro. Hikimar da na gani a cikin waɗannan duka ita ce kada mutum ya ci ribar abin da laifinsa ne ya haifar da shi. To ƙyamar da fursunoni suke yi masa, wadda ta sa aka keɓe shi, daga ina ta fito in ba daga laifin ba? Me ya raba ta da rajistar?

Na yi wa kaina adalci na juya maganar ta ɗaya fuskar. Ba na fatan a doke shi ko a kashe shi a can, Allah shi ne shaidata. Alƙali ɗauri ya yanke masa, bai yanke masa duka ba, kuma wanda hukuma ta kulle, amanarsa tana wuyanta. Mahaifiyata da muka yi waya ta ce da a Kaduna ne, inda aka sa hannu a dokar dandaƙa da kisa a 2020 ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe, da ba a tsaya wannan dogon Turanci ba. Na fahimci zafin da ya sa ta faɗi haka, amma ni ba jininsa nake nema ba. Na kuma yarda cewa idan da gaske mutum yana wuni yana kwana a ɗaki shi kaɗai, shekara da shekaru, ba ya magana da kowa sai gandiroba, to ɗaurinsa ya fi na wanda ke fita aiki nauyi, kuma shari'ar da ta rufe ido a kan haka ta rage adalci. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce maganin wannan nauyi shi ne a rage wa'adin. Idan zaman ya yi tsanani fiye da kima, me ya hana a umarci hukumar gidan yari ta gyara zaman, a bar wa'adin yadda yake? In aka rage wa'adi, hukuma ba ta yi asarar komai ba, yarinyar ce za ta biya.

Na ce ita za ta biya ne saboda wani abu da na gani da idona. Ranar da aka yanke hukunci tana da shekara 13. Bayan kwana biyu ina gyara mata gado na tarar da littafinta na makaranta a buɗe, a shafin ƙarshe ta jera shekaru shida a tsaye, a gaban kowace ta rubuta ajin da za ta kasance, a gaban ta ƙarshe ta rubuta "jami'a" ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta lissafa cewa kafin ya fito ta gama sakandare, ta kai 19, wataƙila ma ta bar unguwar. A kan wannan lissafi ta koma yin barci da fitila a kashe. Idan aka rage masa ko da shekara ɗaya ce, ranar da za a fara duba sakinsa za ta faɗo a shekarar da take rubuta jarrabawar fita sakandare. Har yau ban gaya mata an ɗaukaka ƙara ba. Maigidana ya ce a bari sai an yanke, kada a tayar mata da hankali a kan abin da wataƙila ba zai faru ba. Mai ba ta shawara a asibiti kuma ta ce yaron da babba ya yaudara ba abin da ke karya shi kamar ya gano cewa iyayensa ma sun ɓoye masa wani abu. Kullum in ta dawo daga makaranta ta ce "Umma, sannu da gida", sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

Akwai kuma wani nauyin da ya sa na zaɓi in rubuto maka kai musamman, domin lauyoyin nan ba za su gane shi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, dattawa uku daga cikin jama'armu suka yi sallama. Na kai musu shayi na koma bayan ƙofa. Babbansu ya yi doguwar nasiha a kan falalar yafiya, ya kawo ayar da ta ce wanda ya yi afuwa ya gyara ladansa yana wurin Allah, ya ce mutumin ya rame, ba ya ganin rana, matarsa da 'ya'yansa suna cikin wani hali. Daga nan ya zaro takarda a ninke daga aljihu, an riga an buga ta da Turanci, tana cewa iyalinmu sun yafe kuma ba sa adawa da a sassauta masa. Sa hannu kawai ake so. Maigidana ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce zai yi shawara da iyalinsa. A cikin su ukun babu wanda ya tambayi yadda yarinyar take. Waɗannan su ne mutanen da tun farko suka ce a bar kaza cikin gashinta, kuma tun da aka fara shari'ar wasu matan suka daina amsa sallamata a masallaci, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Lauyan gwamnati ya gaya mana cewa kotunan jihar nan sun daɗe da tsayawa a kan cewa ra'ayin wanda aka zalunta, na yafiya ne ko na ramuwa, ba shi ke yanke hukunci ba, domin laifin ya shafi al'umma gaba ɗaya. Duk da haka ina tsoron takardar, ina tsoron a haɗa ta da batun kariya a nuna wa alƙalai mutum mai shan wahala wanda har waɗanda ya cuta sun tausaya masa. Na kuma san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi da Usama bin Zaid a lokacin da ya je neman ceto ga matar nan ta Banu Makhzum bayan maganarta ta riga ta isa gaban hukuma. Ni ba malama ba ce, amma a ganina haƙƙin na yarinyar ne, kuma ban ga yadda ni ko mahaifinta za mu yafe abin da ba a jikinmu aka yi shi ba, ita kuwa ba ta kai shekarun da za a ɗora mata wannan zaɓi ba.

Na san aikinka a kotunan Nijeriya yake, amma tushen shari'ar ƙasashen biyu ɗaya ne, daga Ingila aka gaje shi, kuma na sha jin ka kana warware hukuncin wasu ƙasashe. Ina so ka gaya mini ko fahimtata daidai ce cewa nauyin kawo hujja yana kansa, kuma ko ya dace in roƙi lauyan gwamnati ya nemo bayanan gidan yarin da kansa, wato irin sashen da yake, awannin da yake yi a waje, ko yana aiki ko karatu, don kada kotu ta ji bakin ɓangare ɗaya. Tun da alƙalin farko ya riga ya rage masa wata 9 saboda wannan ne zamansa na farko a gidan yari, shin sake rage masa saboda wahalar zaman ba zai zama an biya shi sau biyu a kan abu ɗaya ba? Zan kuma so in ji ko kotunan gida suna karɓar irin wannan hujja, domin 'yan'uwana suna tambayata ina rasa amsa. An ce mana ba za a kira mu mu yi magana a zaman ɗaukaka ƙarar ba, bayanin da yarinyar ta rubuta a kan yadda abin ya taɓa rayuwarta yana cikin fayil tun shari'ar farko, amma muna da damar zuwa mu zauna mu saurara. Kana ganin zuwana yana da amfani, ko zan je in ƙara wa kaina ciwo ne kawai? Na riga na sa sunanmu a rajistar waɗanda aka zalunta ta hukumar gidajen yari, wadda za ta sanar da mu idan lokacin duba sakinsa ya matso.

Sai tambayoyi biyu da ba na kotu ba, waɗanda nake roƙon ka amsa mini a matsayinka na uba, in da hali ka haɗa da malamin da kake gayyatowa shirin. Wace amsa maigidana zai ba dattawan nan wadda ba za ta zama rashin kunya ba kuma ba za ta zama cin amanar 'yarsa ba, alhali gobe ma a sahu ɗaya za su yi salla? Yarinyar kuma, in gaya mata yanzu ko in jira? An sa ranar zaman nan da mako bakwai, takardar dattawan tana nan a kan firij inda maigidana ya ajiye ta, sun ce za su dawo karɓa ranar Juma'a ta sama.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya saka maka da alheri.

Wassalam,
Mai sauraronka,
wata uwa daga Sidni, Ostireliya.